Darasi: Ɗaliban Jami'a, Kwamfuta da Hidimar Jama'a a Dogon Hutu

Manufar darasi

Bayan mun gama wannan darasi, ya kamata mu iya:

1. Bayyana yadda wasu jami'o'i suke haɗa ɗalibai da masu yi wa jama'a hidima a lokacin hutu.
2. Faɗin abin da kwamfuta take iya yi, da abin da ba ta iyawa.
3. Shirya wa ɗalibanmu aiki ɗaya mai amfani kafin su dawo hutu.

Ga mai jagora: A karanta darasin sashe sashe, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. A tabbata akwai maza da mata da matasa a wurin. Idan akwai ɗalibin jami'a ko na kwaleji a gida, a gayyace shi.

Gabatarwa

Kusan kowace ikilisiya da nake ziyarta a yanzu tana da ɗa ko 'ya a babbar makaranta. Iyaye sun sayar da akuya da buhunan masara domin su biya kuɗin karatu. Idan yaran suka dawo hutu, mukan gan su da waya a hannu, wasu har da kwamfuta a jaka. Wani dattijo ya taɓa tambayata, ya ce, "Malam, wannan karatun kwamfuta, me zai ƙara mana a nan ƙauye?" Tambayar ta dace, ta kuma cancanci amsa. Domin mu sami amsar, bari mu duba wani shiri da aka yi a ƙasar Amurka, mu ga yadda aka tsara shi, sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da za mu ɗauka.

Yadda shirin ya fara

A Amurka jami'o'i sukan yi dogon hutu daga wajen watan Yuni zuwa Agusta. Wannan shi ne lokacin zafi a wurinsu, daidai lokacin da mu muke noman fari da maimai. A cikin hutun, wasu jami'o'i sukan zaɓi ɗalibai, su ba su alawus, domin su yi wani aiki na musamman. Kalmar da Turawa suke kiran irin wannan tallafi da ita, ita ce wadda muke fassarawa zumunta, kamar a zumuntar mata ko zumuntar matasa. Ma'anar ba ta yi nisa ba: mutane ne suka taru, suna koyo tare, suna aiki tare.

A shekara ta 2013 Jami'ar Shikago ta fara wani shiri irin wannan. Sunansa da Turanci Data Science for Social Good, wato nazarin bayanai da kwamfuta domin amfanin jama'a. Wanda ya kafa shi Rayid Ghani ne, masanin kwamfuta haifaffen Pakistan, wanda ya yi aikin nazarin bayanai a yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2012. Eric Schmidt, tsohon shugaban kamfanin Google, da matarsa Wendy suka ba da kuɗin farawa. Ɗalibai 36 aka ɗauka a shekarar farko.

Dalilin shirin shi ne wannan: matasa masu gwanintar kwamfuta sukan tafi manyan kamfanoni, inda ake amfani da basirarsu wajen talla da ciniki. Hukumomin lafiya da makarantu da ƙungiyoyin agaji kuwa suna da tarin bayanai a ajiye, amma ba su da wanda zai bincika musu. Shirin ya haɗa waɗannan biyu. Daga baya an yi irinsa a birnin Atlanta daga 2014, a Jami'ar Washington daga 2015, a Fotugal a 2017, da Jami'ar Warwick ta Ingila a 2019. A 2019 ɗin kuma Ghani ya koma Jami'ar Carnegie Mellon, shirin ya bi shi can.

Yadda aka tsara aikin

Ba ɗaliban ne suke zaɓen matsala ba. Hukuma ko ƙungiya ce take kawo damuwarta, tare da bayanan da ta tara. Akan raba ɗaliban ƙungiya ƙungiya, mutum 3 ko 4, a haɗa mai karatun kwamfuta da mai karatun lissafi da mai karatun zaman jama'a. Kowace ƙungiya tana da ƙwararre mai yi mata jagora. Aikin na mako 12 ne. Makonnin farko sukan tafi wajen sauraron ma'aikatan hukumar da gyara bayanai, gama rajista ba ta rasa kuskure: suna ɗaya an rubuta shi iri uku, kwanan wata ya ɓace, adireshi bai cika ba. A ƙarshe ɗaliban sukan tsaya gaban jama'a su bayyana abin da suka gano, su miƙa aikin ga hukumar da ta kawo matsalar.

Misali: yaran Shikago da gubar dalma

Mu a nan ba baƙi ba ne ga labarin gubar dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 sun mutu saboda ƙurar duwatsu masu zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 kuma yara 28 sun mutu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja ta wannan hanya. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, yaron da ya tsira ma yakan girma da wahalar koyo, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa.

A Shikago ba zinariya ce take kawo gubar ba, tsohon fenti ne. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje a 1978, amma yawancin gidajen birnin an gina su ne kafin wannan shekara. Idan fentin ya tsufa yakan ɓare ya zama ƙura. Yaro mai rarrafe yakan taɓa ƙasa da taga, ya kai hannu baki.

Ga yadda aka saba yi: sai an gwada jinin yaro an ga dalma ta yi yawa, sa'an nan ma'aikatan duba-gari su je su bincika gidan. Wato jikin yaron ne yake nuna cewa gidan yana da haɗari, bayan ɓarna ta riga ta auku. Ma'aikatan kuwa kaɗan ne, ba za su iya shiga kowane gida ba.

A 2014 hukumar lafiya ta birnin ta kawo wa ɗaliban wannan tambaya: za mu iya sanin gidajen da ya kamata mu fara dubawa tun kafin yaro ya sha gubar? Ta ba su sakamakon gwajin jini na shekara 20, da rahotannin duba gidaje. Suka haɗa da bayanan shekarun gine-gine da na ƙidayar jama'a. Suka sa kwamfuta ta duba abin da ya faru a baya: waɗanne irin gidaje ne, a waɗanne unguwanni, suka fi fitar da yara masu dalma a jini? Daga nan ta jera yara da gidaje, daga mafi haɗari zuwa ƙasa.

Ba su gaskata kwamfutar haka kawai ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Sukan ɓoye mata bayanan shekarun ƙarshe, su ce ta faɗi abin da zai faru, sa'an nan su kwatanta da abin da ya faru da gaske. A 2020 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a kan yara sama da 6,000 da aka haifa a 2013. Cikin yaran da kwamfutar ta sa a sahun mafi haɗari, 15 zuwa 16 cikin kowane 100 an same su da dalma mai yawa daga baya. Da aka bi wata hanyar lissafi mai sauƙi, kusan 8 cikin 100 aka samu.

Mu lura da abu biyu a nan. Na fari, ma'aikaci ɗaya da ƙafafunsa biyu zai kai ga yara masu bukata kusan ninki biyu idan ya bi wannan jeri. Na biyu, yawancin yaran da aka sa a sahun gaba ba su kamu ba, wasu da yawa da suka kamu kuma ba su cikin sahun. Kwamfuta ba ta duba, ba ta san gobe ba. Tana nuna inda za a fara ne kawai. Dole mutum ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, dole kuma a sami kuɗin gyara gidan.

Wasu ayyuka a taƙaice

A 2015 ɗalibai a Atlanta sun yi aiki da 'yan kwana-kwana. Da suka haɗa rajistar ofisoshi daban-daban, sun gano wuraren kasuwanci sama da 6,000 da suka dace da binciken kariyar gobara amma ba su cikin jerin da ake bi.

A 2016 wata ƙungiyar ɗalibai ta yi aiki da birnin Syracuse a kan bututun ruwa masu fashewa. Sun duba shekarun bututu, irin ƙarfensa, da sau nawa ya taɓa fashewa, domin a san titin da za a fara gyarawa.

A wannan shekara kuma wasu sun yi aiki da Sanergy, ƙungiya mai kafa ban-ɗakuna a unguwannin talakawa na Nairobi a Kenya, tana kwashe bayan gida ta mai da shi taki. Tambayarta ita ce: yaushe kowane ban-ɗaki yake cika, domin a tsara kwashewa yadda ya dace?

Duk ayyukan nan kamarsu ɗaya. Akwai ma'aikata kaɗan da aiki mai yawa. Akwai rajistar da wani ya yi shekaru yana cikawa da aminci. Akwai kuma tambaya ɗaya takamaimiya.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa kwamfuta

Masu shirin sun koya wa ɗalibai su bi matakai huɗu kafin su fara kowane aiki. Mu ma za su amfane mu.

1. Me muke so ya canja? "Muna son ci gaba" ba amsa ba ce. "Muna so kada famfonmu ya wuce kwana uku a lalace" amsa ce.
2. Wane mataki za a ɗauka, wa kuma zai ɗauka? Idan babu wanda zai yi wani abu da amsar, bincike ɓata lokaci ne.
3. Waɗanne bayanai muke da su, waɗanne muke bukata?
4. Wane irin lissafi ne zai ba da amsar? Wani lokaci kwamfuta ce, sau da yawa kuwa biro da takarda sun isa.

Ku lura cewa na'ura ta zo ne a ƙarshe. Matakai uku na farko a hannun masu wuri suke, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda za mu yi hattara

Bari in faɗa muku kuskuren da na yi. Shekarun baya wata ƙungiya ta turo matasa da wayoyi zuwa wani ƙauye da nake aiki. Ni ne na kai su gida gida. Sun tambayi yawan yara, da masu rashin lafiya, da bashin da ake bin kowane magidanci. Mutane suka amsa domin sun gan ni tare da su. Bayan kwana huɗu suka tafi, har yau ba mu ga ko takarda ɗaya ta sakamakon ba. Da na koma daga baya ina neman bayani a kan maganar ruwa, wata mama ta ce mini, "Ɗana, wancan da muka faɗa, ina ya tafi?" Ban sami amsa ba. Laifina ne, gama ban tambayi baƙin komai ba kafin in buɗe musu ƙofofin mutane.

Saboda haka, ko baƙi ne ko 'ya'yanmu, mu kiyaye waɗannan:

Sirri. Ciwon mutum da bashinsa nasa ne. Kada a rubuta su sai da yardarsa, bayan an faɗa masa dalili. Idan za a nuna sakamako a fili, a cire sunaye.

Waɗanda ba su cikin rajista. Kwamfuta tana ganin wanda aka rubuta ne kawai. Matar da ta haihu a gida, yaron da ba a taɓa kai shi asibiti ba, makiyayan da suke rugar bayan gari, waɗanda suka gudo daga rikici: idan ba a rubuta su ba, lissafi zai tsallake su, sau da yawa kuwa su ne suka fi bukata.

Wanda zai riƙe aikin. Mako 12 ba yawa. Idan ɗalibi ya koma makaranta da komai a cikin kwamfutarsa, mun koma gidan jiya. A bar kwafi a takarda, a kuma koya wa mutum biyu na gari yadda za su ci gaba.

Abin da za mu iya yi a nan

Ba mu da Jami'ar Shikago, ba mu da attajirin da zai biya alawus. Amma abubuwa ukun da aikin ya tsayu a kansu muna iya samunsu: matsala takamaimiya, rajista, da ɗalibi mai hutu.

Mu ɗauki famfon tuƙa-tuƙa. Idan ya lalace, mata da yara sukan koma rafi, bayan 'yan kwanaki gudawa ta fara. Kwamitin ruwa ya sayi littafin rubutu ɗaya, ya ja layi biyar: ranar da famfo ya lalace, abin da ya lalace, wanda ya gyara, kuɗin da aka kashe, da kwanakin da aka yi babu ruwa. A ce ƙauyuka goma na gunduma ɗaya sun riƙe irin wannan littafi shekara biyu. Ɗalibi ɗaya zai iya zama da littattafan nan a cikin hutu ya gaya mana: roba ce ta fi lalacewa ko sarƙa, a wane wata aka fi samun matsala, nawa ya kamata kowane gida ya riƙa bayarwa a wata, wane kayan gyara ya kamata a saya a ajiye tun kafin rani. Rigakafi ya fi magani. Wannan shi ne aikin da aka yi wa bututun Syracuse, sai dai daidai ƙarfinmu.

Haka ma farashin hatsi a kasuwa kowane mako, domin masu rumbun haɗin kai su san lokacin saye da sayarwa. Haka rajistar makarantar firamare, domin a gane yaran da suka fara fashi tun kafin su daina zuwa gaba ɗaya. Haka ranakun allurar rigakafi, domin a san jaririn da aka tsallake.

Akwai kuma ƙofofin da suke buɗe a ƙasarmu. Tun 1973 hukumar ITF, mai hedkwata a Jos, ta kafa shirin SIWES, inda ɗaliban kimiyya da fasaha suke fita koyon aiki na wasu watanni. Masu bautar ƙasa na NYSC suna da aikin raya al'umma a cikin shekararsu. Ɗaliban ajin ƙarshe kuma dole su rubuta bincike kafin su gama, da yawa suna neman abin da za su rubuta a kai. Kwamiti zai iya rubuta wasiƙa, da sa hannun mai gari da shugabannin ikilisiya, zuwa ga shugaban sashen kwamfuta ko na lissafi a makaranta mafi kusa. A faɗi tambaya ɗaya, a faɗi rajistar da ake da ita, a faɗi wanda zai ba ɗalibin masauki da abinci.

Ga ɗalibin da yake son neman irin wannan zumunta

Ɗalibai daga ƙasashe da yawa sun shiga shirin da muka karanta. Idan kana sha'awa, ka ƙware a lissafi da rubuta umarnin kwamfuta, ka kuma yi wani ƙaramin aiki na gaske da za ka iya nunawa. Littattafan famfo na ƙauyuka goma da ka bincika da kanka shaida ce mai kyau. Ka nemi sanarwa daga jami'ar kanta a intanet, gama lokacin nema da sharuɗɗa suna canjawa. Idan wani ya ce ka tura masa kuɗi domin ya samo maka gurbi, ka tsaya ka nemi shawarar malaminka tukuna. 'Yan damfara suna da yawa a wannan hanya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A labarin Shikago, wa ya fi ɗaukar nauyin aikin: ɗaliban, ma'aikatan duba-gari, ko waɗanda suka cika rajista shekara 20? Me ya sa?
2. Wace matsala ce a ƙauyenmu ba mu ankara da ita sai ɓarna ta auku?
3. Waɗanne littattafan rajista muke da su a yanzu? Wa yake riƙe da su? Ana cika su kullum?
4. Su wane ne a cikinmu ba su cikin kowace rajista?
5. Idan baƙi suka zo neman bayani, waɗanne tambayoyi za mu yi musu kafin mu amsa nasu?

Aikin yi

Kafin ku watse, ku zaɓi matsala ɗaya. Ku amsa tambayoyi huɗun nan a kanta, a rubuce. Ku naɗa mutum biyu, mace da namiji, su riƙe littafi, su riƙa kawo shi taron kwamiti kowane wata. Ku rubuta sunayen 'ya'yanku da suke manyan makarantu da abin da kowa yake karantawa, ku aika musu da tambayar tun yanzu, domin su dawo hutu a shirye.

Dattijon nan da ya tambaye ni amfanin karatun kwamfuta, amsar da zan ba shi ke nan: Baba, zai ƙara mana da yawa, idan mun ba yaran tambaya mai kyau da littafin da aka cika da gaskiya. Ku fara rubutu a wannan mako. Allah ya ba mu ikon yi.